Daga Gungume Zuwa Amo: Yadda Ɗan Koyo Zai Ƙera Jitar Bes ta Lantarki

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da lasifikar makaɗan zamani ya san wani amo mai kauri da ke fitowa daga ƙarƙashin sauran sautuka, wanda ƙirji kan riga kunne jin sa. Wannan amo na jitar bes ne, wato babbar jitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu. A kiɗan hailaif da juju da Afrobit, ita da ganga ne ke jan ragamar tafiya, sauran kayan kiɗa su bi bayansu.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin ilmin halittu da jita? Amsar ita ce, mafi yawan nauyin jita jikin bishiya ne, kuma bishiya ko an sare ta an yanka ta, ba ta daina shan danshin iska da amayar da shi. Kunnen da zai saurari amon shi ma halitta ne. Tsakanin itacen da kunnen kuwa akwai lissafi da fiziks irin waɗanda ɗalibanmu ke haddacewa domin jarrabawa, ba tare da sun taɓa riƙe su a hannu ba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne nuna cewa wanda bai taɓa aikin katako ba zai iya ƙera bes mai kaɗuwa, muddin ya fahimci dalilin kowane mataki, ya kuma yi haƙuri.

Taƙaitaccen Tarihi

Kafin zuwan lantarki, aikin fitar da amo mai kauri yana wuyan wani ƙaton goge ne na Turawa, mai tsawon kusan mita 1.8, wanda ake kafa shi a ƙasa a kaɗa a tsaye. Akwai dalilin girman nasa. Igiyar sauti mafi kauri da yake fitarwa ta haura mita 8 a cikin iska, ƙaramin akwati kuwa ba ya iya tura iskar da za ta ɗauki irin wannan sauti. Duk da haka ganguna da ƙahonni sukan danne muryarsa, ga shi kuma da wuyar ɗauka.

A wajen 1936 wani makaɗi a birnin Siyatil na Amurka, mai suna Paul Tutmarc, ya fitar da bes ta lantarki da ake riƙewa kamar jita, amma ba ta yi kasuwa ba. Sai a 1951 Leo Fender, a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya fito da Precision Bass, wadda ta sauya kamannin kiɗan duniya, ya biyo ta da Jazz Bass a 1960. Shi Fender asalinsa mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba, saboda haka tunaninsa na mai gyara ne: a yanka jiki daga katako mai kauri, a yi wuya daban, a haɗa su da sukuru huɗu. In wuya ya lalace a kwance shi a sa wani. Wannan sauƙin tsari shi ya buɗe wa ɗan koyo ƙofa.

Ba kuma yau 'yan koyo suka fara ba. A 1963 Brian May na Ingila, yana saurayi, ya fara ƙera jitarsa tare da mahaifinsa, suka sassaƙa wuyanta daga tsohon katakon bakin murhun ɗumama ɗaki, kuma da ita ya yi suna a ƙungiyar Queen. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar ma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayoyin birkin keke.

Tsirkiya da Dokokinta

Sauti karkarwa ne. Ana auna kaurinsa ko sirantakarsa da yawan karkarwa a daƙiƙa ɗaya, ma'aunin da ake rubutawa Hz. Tsirkiyoyi huɗu na bes, daga mafi kauri, ana ɗaure su ne a kan E mai Hz 41.2, da A mai Hz 55, da D mai Hz 73.4, da G mai Hz 98. Kunnen matashi lafiyayye yana ji daga wajen Hz 20 zuwa Hz 20,000, ke nan bes tana zaune ne daf da ƙasan iyakar jin ɗan Adam.

Wani malamin Faransa, Marin Mersenne, ya bayyana dokokin tsirkiya a littafinsa na 1636, kuma guda uku ne. Na ɗaya, idan aka rage tsawon tsirkiya da rabi, karkarwarta za ta ninka biyu. Na biyu, sai an ninka ƙarfin ɗaurin sau huɗu kafin karkarwa ta ninka biyu. Na uku, idan aka ninka nauyin tsirkiya sau huɗu, karkarwarta za ta ragu da rabi. Mai gurmi da mai garaya da waɗannan dokoki suke aiki kullum, ko da ba su taɓa ganin su a allo ba.

Daga nan mai karatu zai gane dalilin siffar bes. Domin samun amo mai kauri ana bukatar tsirkiya doguwa mai nauyi. Tsawon da Fender ya zaɓa, wanda ya zama na kowa, inci 34 ne, wato milimita 864. Kaurin tsirkiyoyin kuwa yakan tashi daga milimita 1.1 zuwa 2.7. Da a ce sandar ƙarfe ce tsantsa mai wannan kauri, da ba za ta lanƙwasa ta yi karkarwa da kyau ba, shi ya sa ake naɗa siririyar waya a kan zuciyar ƙarfen ƙarfe, a sami nauyi ba tare da sandarewa ba.

Abin da ya kamata maƙerin ya riƙe a ransa shi ne, tsirkiyoyin nan huɗu suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, kwatankwacin buhun siminti ɗaya da rabi, dare da rana, shekara da shekaru. Wuyan kuwa kaurinsa bai fi santimita biyu da ɗan wani abu ba. Nasarar aikin duka tana rataye ne a kan wannan siririn katako.

Me Ke Cikin Katako?

Idan aka yanka ɗan falle daga itace aka duba a madubin ƙara girma, za a ga dogayen ƙwayoyin halitta matattu, masu rami a ciki kamar karan dawa da aka ɗaure dami. Waɗansunsu bututu ne da suka riƙa kai ruwa daga saiwa zuwa ganye, waɗansu kuma zaruruwa ne masu kaurin bango da suka riƙe nauyin bishiyar. Bangon nasu an gina shi ne da selulos, wanda ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na busasshen itace, sai liginin mai kashi 20 zuwa 30, wanda ke manne zaruruwan kamar yadda siminti ke riƙe rodi.

Da yake zaruruwan duk tsawon bishiya suka bi, ƙarfin katako ba ɗaya ba ne ta kowace fuska. Ta tsawonsa ya fi ta faɗinsa tauri fiye da sau goma, shi ya sa mai faskare ke bin jijiyar itace. Saboda haka katakon wuya dole jijiyarsa ta miƙe sambal daga farko har ƙarshe, ba ƙulli, ba gurbin reshe. Duk inda jijiya ta karkace ta fice ta gefe, nan ne wuya zai fara ba da kai.

Sau da yawa akan tambaya ko irin katako yana sauya amon bes ta lantarki. Abin da ya fi rinjaye a amon shi ne tsirkiya, da na'urar da ke ɗaukar sauti, da wurin da aka dasa ta, da yatsun makaɗi. Amma wuya yana da nasa rabo. Kowane wuya yana da karkarwar da ya fi so, kuma idan sautin tsirkiya ya dace da ita, sai wuyan ya sha ƙarfin tsirkiyar, sautin ya mutu da wuri. Makaɗa sun san wannan mataccen gurbi, wanda a bes irin ta Fender yakan faɗo a tsirkiyar G tsakanin mataki na 5 da na 7. Wuya mai tauri yakan rage wannan illa.

Danshi: Babban Abokin Gaba

Kowa ya san ƙofar katako da ke cijewa da damina, ta kuma saki ta bar kafa da hunturu. Dalili shi ne selulos yana son ruwa. Ɗanyen itace yana da ruwa iri biyu: wanda ke cikin ramin ƙwayoyin, da wanda ya shige cikin bangonsu. Na cikin rami shi ke fara fita, kuma fitarsa ba ta sauya girman katako. Sai danshi ya sauko ƙasa da wajen kashi 30 cikin ɗari, ruwan bango ya fara fita, sannan katako ke tsukewa. Tsukewar ma ba daidai take ba: ta tsawo kusan babu, ta faɗi kuwa mai yawa ce, kuma ta bin zoben shekara takan kusan ninka ta ratsa shi. Wannan bambanci shi ke sa falanki ya kumbura kamar kwano ko ya murɗe.

Katako yakan daidaita da iskar da yake zaune a ciki. A iska mai laima kashi 80 cikin ɗari, irin ta tsakiyar damina, yakan tsaya a danshin wajen kashi 16. A iskar da laimarta ta sauka zuwa kashi 20, abin da hunturu kan kawo a ƙasar Hausa, sai ya koma kashi 4 zuwa 5. To, yawancin katakon da ke kasuwanninmu daga dazukan kudu ake kawo shi, sau da yawa ma bai gama bushewa ba. Wanda ya sassaƙa wuya da irin wannan katako a watan Agusta, kafin Fabrairu allon yatsu mai faɗin milimita 60 zai iya tsukewa da kusan milimita ɗaya. Ƙarafan matakai ba sa tsukewa, sai bakunansu su fito su riƙa yankar hannu, wuyan kuma ya karkace.

Maganin abin haƙuri ne. A sayi katako tun da kaka, a shafe bakunansa biyu da fenti ko narkakken kyandir don kada su tsage, a jera shi a inuwa da ƙananan sanduna tsakanin falankai domin iska ta ratsa, a bar shi ya ci hunturu guda cur. A riƙa auna nauyinsa kowane mako, ranar da ya daina raguwa ya daidaita. Masu ƙera kayan kiɗa danshin kashi 6 zuwa 8 suke nema. Ɗakin gwaje-gwajen makaranta zai iya tabbatar da wannan: a yanki ɗan guntu a auna, a busar da shi a tanda mai zafin digiri 103 har nauyinsa ya tsaya, a sake aunawa. A ce guntun giram 120 ne ya koma giram 100, bambancin giram 20 a raba da 100, danshinsa kashi 20 ke nan, da sauran jira.

Zaɓen Katako

Fender ya yi amfani da itatuwan ƙasarsu ne: ash da alda domin jiki, meful domin wuya, daga baya rozwud domin allon yatsu. Ba lallai mu nemo su ba, abin nema shi ne halayensu. Jiki yana son katako marar nauyi mai sauƙin yanka. Girman jikin bes ya kai wajen lita 5, saboda haka katakon da litarsa ke da nauyin rabin kilo zai ba da jiki mai kilo biyu da rabi, alhali maɗacinmu na arewa, Khaya senegalensis, zai kai kusan kilo huɗu, ya ƙuntata wa kafaɗa. Malaina, wato Gmelina arborea, da ake shukawa a gandun daji, ta dace ƙwarai, sai dai tana da jinkirin bushewa. Afara ma ta dace, kuma ita ce kamfanin Gibson ya yi jitarsa Flying V da ita a 1958, a ƙarƙashin sunan korina. Obece tana da sauƙin aiki, amma taushinta ya sa ba ta riƙe sukuru da kyau.

Wuya yana son katako mai tauri da miƙaƙƙiyar jijiya, kamar maɗaci ko loko. Dabara mai kyau ita ce a tsaga katakon uku ta tsawo, a juya na tsakiya, a manne su da farin gam na kafintoci. Duk inda ɗaya ya so karkata, 'yan'uwansa za su riƙe shi. Allon yatsu kuwa yana son katako mai tsananin tauri da zai jure gogar ƙarfe, irin su ƙirya, Prosopis africana, ko kawo.

A nan masanin halittu yana da gargaɗi. Madobiya, Pterocarpus erinaceus, da ta fi kowace dacewa da allon yatsu, an yi mata saran ƙare dangi a Afirka ta Yamma domin kasuwar ƙasar Sin, har aka sa ta a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, abin da ya fara aiki a 2017. A taron Panama na 2022 aka ƙara da maɗaci da kawo na Afirka. Yarjejeniyar fataucin ƙasa da ƙasa take tsarawa, amma darasinta ya isa gida: waɗannan bishiyoyi shekaru gommai suke yi kafin su isa sara. Tsohuwar ƙofa, da karyayyen gado, da bencin makaranta da aka jingine, duk sun fi sabon gungume, domin sun ga hunturu da damina da yawa sun gama motsinsu. Ni kaina da malaina na yi jikin bes ɗina ta farko, wuyan kuma da ƙafar tsohon gadon maɗaci, alhali kafin nan ban taɓa riƙe cizal ba.

Matakan Aiki

Kayan aikin ba su da yawa: zarto, cizal, magagari, abin feren katako na hannu, samfefa mai kaushi da mai laushi, injin huda, ƙarafan matse katako, da doguwar rula ta ƙarfe. Abubuwan da za a saya su ne tsirkiyoyi, da mamurɗai huɗu na ɗaure su, da wayar matakai, da sandar ƙarfe ta cikin wuya, da kayan lantarki, da ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jiki, wanda za mu kira jaki, tun da shi ke ɗauke da kaya.

Da farko a zana bes ɗin da cikakken girmanta a babbar takarda, a fara da layin tsakiya, domin daga gare shi ake auna komai. A mayar da zanen kan filawud a yanke, ya zama ma'auni. Gara kuskure ya faɗa kan filawud da ya faɗa kan katakon da aka yi wata shida ana jira.

Na biyu, a fara da wuya, domin ramin da ke jiki shi za a yi wa daidai da wuya. Tun katakon yana da kusurwa huɗu a haƙa doguwar kwata a tsakiyarsa a kwantar da sandar ƙarfe. Wani ma'aikacin Gibson, Thaddeus McHugh, shi ya nemi rajistar wannan dabara a 1921, aka ba shi a 1923. Sandar ita ce ƙashin bayan wuya: idan tsirkiyoyi suka ja shi gaba, a murɗa notinta ta mayar da shi baya. A auna sandar da aka saya kafin a haƙa kwatar, domin dole ta zauna dam. Bayan nan a manne allon yatsu mai kaurin wajen milimita 6, sannan a sassaƙa bayan wuya da magagari sannu a hankali, ana yi ana shafawa da tafin hannu.

Na uku, jiki. Kaurinsa wajen milimita 44 ne, kuma ana iya haɗa shi daga falanki biyu ko uku. A haƙa ramin wuya mai zurfin milimita 16 tun kafin a yanke siffar waje. Wanda ba shi da injin haƙa sai ya yi huji da yawa kusa da juna, ya gyare da cizal. Ramin ya kama wuya ba tare da girgiɗi ba. Sai an ɗaure wuya da sukuru huɗu sannan a nemi mazaunin jaki: a ja zare biyu ta gefunan wuya har ƙarshen jiki, jaki ya zauna a tsakiyarsu daidai. Daga ƙarshe a goge da samfefa a shafa man katako ko fenti ko'ina, har cikin ramuka, domin rage saurin shigar danshi da fitarsa.

Lissafin Matakai

Matakai su ne ƙananan ƙarafan da ke gicciye a allon yatsu, kuma saboda daidaiton da suka kawo ne Fender ya raɗa wa bes ɗinsa sunan Precision. A tsarin kiɗan da jita ke bi, akwai matakai 12 tsakanin sauti da ninkinsa, kowanne ya fi na bayansa karkarwa sau 1.0595. Hanya mai sauƙi ita ce a raba tsawon tsirkiya da 17.817, abin da ya fito shi ne nisan mataki na farko daga matashin da tsirkiyoyi ke hawa a saman wuya. A cire shi daga tsawon, a sake raba abin da ya rage da 17.817, a samu na biyu, haka har mataki na 20.

A tsirkiya mai milimita 864, mataki na 1 yana milimita 48.5 daga matashi, na 2 yana 94.3, na 5 yana 216.7, na 7 yana 287.3, na 12 kuwa yana 432, rabin tsirkiya cif, kamar yadda dokar Mersenne ta farko ta nuna. Wannan ita ce hanyar binciken lissafin: in na 12 bai faɗo a rabi ba, a koma baya. Kowane mataki daga matashi za a auno shi, domin wanda ya riƙa aunawa daga mataki zuwa mataki zai tara ƙananan bambance-bambance su zama babba. Tsagin da ƙarfen zai shiga faɗinsa wajen milimita 0.6 ne, sai da siririn zarto. Wanda bai sami irin wannan zarto ba yana iya barin allon sumul babu matakai, kamar wuyan gurmi, kuma akwai manyan makaɗa da suka fi son bes irin wannan.

Kunnen Maganaɗisu

Jikin bes ta lantarki ba shi da rami, saboda haka muryarta ita kaɗai ba ta wuce ɗaki. Abin da ke ɗaukar karkarwar wata 'yar na'ura ce a ƙarƙashin tsirkiyoyi, wadda za mu kira kunnen maganaɗisu. Tushenta binciken Michael Faraday ne na 1831: duk lokacin da ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa naɗin waya ya sauya, lantarki zai motsa a cikin wayar. Kunnen ya ƙunshi sandunan maganaɗisu da aka naɗe da wayar tagulla mai kaurin wajen milimita 0.06, kwatankwacin silin gashi, naɗi kusan 10,000. Tsirkiyar ƙarfe tana karkarwa a saman maganaɗisun tana motsa ƙarfinsa, sai a sami ɗan lantarkin da bai kai bolt ɗaya ba, mai karkarwa daidai da ta tsirkiya. Amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, lasifika ta mayar da shi sauti. Izgar dokin goge ko zaren roba ba za su yi aiki a nan ba, domin maganaɗisu bai san da su ba.

Naɗin wayar yakan tsinci gurnanin wutar gida, wadda a Nijeriya da Nijar take karkarwa a Hz 50, tsakanin tsirkiyar E da A sosai, inda ba dama a tace ta ba tare da an taɓa amon bes ba. A 1957 Fender ya raba kunnen Precision gida biyu, aka juya naɗi da maganaɗisun ɗaya, sai gurnanin ɓangarorin biyu ya kashe juna, sautin tsirkiya ya tsira. Ɗan koyo ya shimfiɗa fallen tagulla ko na alminiyam a ramin kayan lantarki, ya kuma ja waya daga jaki zuwa layin ƙasa. Mai gyaran rediyo na unguwa zai koya masa liƙin dalma cikin yini ɗaya.

Saiti

Bayan an ɗaura tsirkiyoyi, abu uku ake daidaitawa bi da bi. A murɗa sandar wuya kaɗan kaɗan, rubu'in zagaye a lokaci guda, har wuyan ya rage da ɗan lanƙwasa na wajen milimita 0.3 a tsakiya. A ɗaga ko a sauke jaki har tazarar tsirkiya da mataki na 12 ta zama milimita 2 zuwa 2.5. Sannan a gwada sautin mataki na 12 da na'urar saiti ta wayar hannu. Danna tsirkiya yana ƙara mata ɗauri, don haka akan ja mazauninta baya da 'yan milimitoci, mai kauri fiye da siririya. A ƙasarmu a sa ran sake taɓa sandar wuya sau biyu a shekara, da shigar damina da shigar hunturu.

Kunne da Lafiya

A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, mai ɗauke da ƙwayoyi masu gashi. Georg von Békésy, wanda ya sami kyautar Nobel a 1961, ya nuna cewa siririn sauti a bakin katantanwar yake motsi, mai kauri kuwa sai can ƙuryarta. Wani abin mamaki shi ne ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da Hz 41, amma muna jin bes a cikinta. Tsirkiya tana fitar da ninke ninken sautinta, wato Hz 82 da 124 da 165, ƙwaƙwalwa kuma ta gano tushen daga tazarar da ke tsakaninsu.

Waɗannan ƙwayoyi masu gashi in sun mutu ba sa sake tohowa a ɗan Adam, kuma ƙarar da ta haura desibel 85 na tsawon sa'o'i tana kashe su, ko ta injin katako ce ko ta amfilifaya. Ƙurar katako ma ba abin wasa ba ce: hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IARC, ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji a 1995, ƙurar loko kuma an san ta da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. A yi aiki a sarari, a rufe hanci da baki da ido. A wanke hannu bayan taɓa dalma. Kada kuma a jona amfilifaya a soket marar wayar ƙasa, domin tsirkiyoyin da ke hannun makaɗi a haɗe suke da jikinta. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Ga malamai, ba sai an ƙera bes sukutum ba kafin aji ya amfana. Falanki ɗaya, da wayar birkin keke, da bokitin yashi a rataye a ƙarshenta sun isa gwada dokokin Mersenne uku. Guntayen katako da sikeli sun isa bin sawun danshi daga Agusta zuwa Fabrairu, ɗalibai su zana jadawalinsa da hannunsu. Naɗin waya da maganaɗisu da ma'aunin lantarki sun isa nuna abin da Faraday ya gani. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta kuwa tana iya raba aikin: 'yan ajin halittu su zaɓi katako su busar, 'yan lissafi su fitar da matakai, 'yan fiziks su haɗa wayoyi, malamin aikin katako ya tsaya a kan zarto da cizal.

Ga ɗalibin da ke son farawa, shawarata ita ce ya nemi katakonsa da kakar bana, ya jera shi a inuwa, ya cika watannin hunturu da zane da lissafi da koyon wasa cizal a kan guntaye. Kafin ruwan farko ya sauka katakon ya shirya, shi ma ya shirya. Sannu ba ta hana zuwa.